Kafofin Gamayya da Amon Mabuɗi a Rediyon Jami'an Agaji na Amurka: Bayani Domin Masu Sauraro da Sikana

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin wasu kafofin rediyo waɗanda hukumomin Amurka suka keɓe domin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motocin asibiti su riƙa jin juna a duk sa'ad da wani babban bala'i ya tara su wuri guda. Za a duba dalilin keɓe waɗannan kafofi, da yadda aka tsara sunayensu, da irin amon da ake ɗora wa magana a kansu. Daga bisani kuma za a waiwayi mutanen da suka ɗauki sauraron irin wannan rediyo abin sha'awa, a ga abin da ya kamata su sani, da kuma iyakar da doka ta yi musu.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kyautu a daidaita wasu kalmomi. Abin da ake nufi da mita a nan shi ne lambar da ke nuna yawan kaɗawar igiyar rediyo a cikin daƙiƙa ɗaya. Kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ita ce haz, dubu kilohaz, miliyan kuwa megahaz. Zango shi ne wani yanki mai faɗi na mitoci, kafa kuma ita ce mita ɗaya, ko biyu a haɗe, da aka ware aka raɗa wa suna domin wani aiki. Sikana kuwa rediyo ce mai karɓa kawai, wadda ke zagaya kafofi masu yawa da sauri, ta tsaya inda ta tarar ana magana, in an yi shiru ta ci gaba da zagaye.

2.0 ASALIN MATSALAR

'Yan sandan birnin Ditroyit ne suka fara aika saƙo ta rediyo zuwa motocinsu a kai a kai a 1928, sa'an nan a 1933 na garin Bayon a Jihar Niyu Jazi suka fara amfani da rediyon da mota ke iya mayar da amsa. Tun daga lokacin kowane gari da kowace gunduma da kowace jiha ta shiga neman lasisinta da sayen kayanta daidai ƙarfin aljihunta. Hukumar Sadarwa ta Tarayya, watau FCC, wadda aka kafa a 1934, takan buɗe sabon zango ne idan tsohon ya cika. Ta haka jami'an agaji suka watsu a zangon VHF na ƙasa, wajen megahaz 30 zuwa 50, da VHF na sama, wajen 150 zuwa 174, da UHF wajen 450 zuwa 470, da zangon 800, daga baya kuma da na 700. Rediyon oba-oba da aka ƙera domin zango ɗaya ba ta jin na wani zangon, ko da masu riƙe da su suna kallon juna.

Muddin kowa yana cikin yankinsa babu wanda ke lura da wannan giɓi. Ranar 13 ga Janairu, 1982, wani jirgin saman kamfanin Air Florida ya bugi gadar Titi na 14 a birnin Washinton ya faɗa cikin kogin Fotomak, mutum 78 suka rasu, kuma a wannan yammacin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ya goce daga kan dogo. Masu ceto sun zo daga Washinton da Bajiniya da Merilan, amma da yawansu ba su da hanyar jin juna. Irin wannan ta sake aukuwa a harin bam na birnin Okalahoma a 1995. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Niyu Yok ranar 11 ga Satumba, 2001. Bayan benen kudu ya rushe, 'yan sandan da ke cikin jirage masu saukar ungulu sun ga halin da benen arewa yake ciki sun kuma faɗa ta rediyonsu, amma gargaɗin bai bi ta rediyon 'yan kwana-kwana ba. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka rasu a wannan rana. Ba rediyo kaɗai ce sanadi ba, amma rahoton hukumar binciken da ya fito a 2004 ya lissafta matsalar sadarwa cikin manyan abubuwan da suka kamata a gyara. Guguwar Katirina ta 2005 ta ƙara wani darasi, domin ta kayar da hasumiyoyin rediyo ta kuma kashe wutar lantarki, sai ya zamana masu agajin da suka zo daga jihohi masu nisa ba su da abin dogaro sai magana kai tsaye daga oba-oba zuwa oba-oba.

3.0 KAFOFIN GAMAYYA

Maganin da aka samo mai sauƙi ne a bisa manufa: a ware 'yan kafofi kaɗan a cikin kowane zango, su zama iri ɗaya a faɗin ƙasa, a sa su cikin kowace rediyon jami'in agaji. An kasa su gida biyu. Akwai kafar kira, inda baƙon da ya iso yake sanar da zuwansa a faɗa masa inda zai nufa, akwai kuma kafofin aiki, inda ake komawa a gudanar da aikin kansa domin kada a toshe kafar kira.

3.1 Zangon 800

Nan aka fara. A 1987 FCC ta amince da wani tsari na ƙasa wanda ya keɓe kafofi biyar na taimakon juna a wajen megahaz 866 zuwa 868. Da wayoyin kamfanin Nextel suka riƙa kutsawa cikin rediyon jami'an agaji, sai hukumar ta ba da umurni a 2004 a sake jera zangon, aka sauko da kafofin nan da megahaz 15. Ga yadda suke bayan sauyin:

8CALL90: 851.0125
8TAC91: 851.5125
8TAC92: 852.0125
8TAC93: 852.5125
8TAC94: 853.0125

Waɗannan su ne mitocin da na'urar maimaici take watsawa a kansu. Na'urar maimaici ita ce wadda ake ɗorawa a kan tsauni ko dogon bene, ta karɓi raunanan muryar oba-oba a mita ɗaya ta sake watsa ta da ƙarfi a wata mitar. A wannan zango oba-oba tana aikawa ne megahaz 45 ƙasa da abin da aka jera, watau 806.0125 ga kafar kira.

3.2 Zangon VHF da UHF

A shekarar 2000 FCC ta keɓe kafofi biyar a VHF na sama da huɗu a UHF, domin a nan ne yawancin ƙananan garuruwa da karkara suke:

VCALL10: 155.7525
VTAC11: 151.1375
VTAC12: 154.4525
VTAC13: 158.7375
VTAC14: 159.4725

UCALL40: 453.2125
UTAC41: 453.4625
UTAC42: 453.7125
UTAC43: 453.8625

Na VHF kafofin kai tsaye ne, mita ɗaya ake aikawa ake kuma karɓa a kanta. Idan ana bukatar maimaici na wucin gadi sai a haɗa biyu daga cikinsu a ba su wani suna, daga VTAC33 zuwa VTAC38. Alal misali VTAC36 tana watsawa a 151.1375 tana karɓa a 159.4725. A UHF kuwa oba-oba tana aikawa megahaz 5 sama da mitar da aka jera.

Ban da waɗannan akwai tsofaffin kafofin taimakon juna na kowace sana'a, waɗanda sun girmi tsarin 2000. 'Yan sanda suna da 155.4750, wadda yanzu ake kira VLAW31. 'Yan kwana-kwana suna da 154.2800 da 154.2650 da 154.2950, watau VFIRE21 da VFIRE22 da VFIRE23. Motocin asibiti sun daɗe suna magana da asibitoci a 155.3400, watau VMED28, masu neman waɗanda suka ɓata kuma suna da 155.1600.

3.3 Zangon 700

A 1997 Majalisar Dokokin Amurka ta umurta a ba jami'an agaji megahaz 24 daga cikin zangon da tashoshin talabijin suke ciki, amma wurin bai kuɓuta sosai ba sai da manyan tashoshin suka koma dijital ranar 12 ga Yuni, 2009. Kafofin kira biyu ne a nan, 7CALL50 a 769.24375 da 7CALL70 a 773.25625, kuma oba-oba tana aikawa megahaz 30 sama. Bambancin wannan zango shi ne muryar dijital ake amfani da ita, a bisa ƙa'idar da ake kira P25, wadda ƙungiyar APCO da abokan aikinta suka fara tsarawa a 1989. Sauran zangunan uku kuwa, a 2016 FCC ta tabbatar da cewa FM irin ta da, watau analog, ita ce harshen kafofin gamayya, domin kowace rediyo tsohuwa ko sabuwa tana jin ta.

3.4 Hikimar Sunayen

Keɓe mita bai wadatar ba idan kowa yana kiranta da sunan da ya ga dama. Mitar 155.4750 sunanta ISPERN a Jihar Ilinoyi, a wasu wurare kuma NLEEC, saboda haka jami'ai biyu suna iya riƙe da kafa ɗaya a rediyonsu kowa ya rantse ba shi da ta ɗan'uwansa. Majalisar NPSTC tare da APCO suka tsara sunaye na bai ɗaya, aka amince da su a matsayin ƙa'idar ƙasa a 2010. Harafi ko lamba ta farko tana nuna zango: L, V, U, 7 ko 8. Na tsakiya yana nuna aiki: kira, ko aikin gamayya, ko na 'yan sanda, ko na wuta, ko na asibiti. Lambar ƙarshe ba ta maimaituwa, kuma ita ma tana nuna zango: 1 zuwa 9 VHF na ƙasa, 10 zuwa 39 VHF na sama, 40 zuwa 49 UHF, 50 zuwa 89 zangon 700, 90 zuwa sama zangon 800. Idan aka ƙara harafin D a ƙarshe, kamar 8TAC91D, ana nufin a yi magana kai tsaye ba tare da bi ta maimaici ba. An tattara duk waɗannan a wani ɗan littafin aljihu mai suna NIFOG, wanda Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta fara bugawa a 2007, daga baya hukumar CISA, wadda aka kafa a 2018, ta ci gaba da sabunta shi.

4.0 AMON MABUƊI

A cikin kowace rediyon FM akwai wata da'ira mai aikin ƙyaure. Tana rufe lasifika idan babu mai magana, domin kada shuu ɗin iska ya dami mai sauraro. Ƙyaure mafi sauƙi yana buɗewa ne ga duk igiyar da ta kai wani ƙarfi, ko ta wane ne. Wannan yana da illa, domin mitoci ba su da yawa, dole a ba garuruwa masu nisa da juna mita ɗaya, kuma yanayin sararin sama yakan ɗauko muryar wani gari mai nisan ɗaruruwan mil ya kawo, musamman a VHF na ƙasa. Domin haka aka ƙirƙiro amon mabuɗi.

4.1 Amon CTCSS

Wannan amo ne siriri mai ɗorewa, wanda rediyon mai aikawa take shimfiɗawa a ƙarƙashin muryarsa tun daga danna maɓalli har zuwa sakinsa. Mitarsa tana tsakanin haz 67.0 da 254.1. Ita kuwa muryar ɗan'adam a irin wannan rediyo ana tace ta ne daga wajen haz 300 zuwa sama, saboda haka mai karɓa yana iya raba biyun, ya aika amon wurin ƙyaure, muryar kuma wurin lasifika. Idan amon ya dace da wanda aka saita, ƙyaure ya buɗe. Idan bai dace ba, rediyo ta yi gum. Kamfanin Motorola ya yaɗa wannan dabara tun shekarun 1950 da sunan Private Line, ko PL a taƙaice, General Electric kuma ya kira nasa Channel Guard.

Amon da aka zaɓa wa kafofin gamayya na VHF da UHF da 800 shi ne haz 156.7, wanda a lissafin Motorola ake kira 5A. Akwai inda aka saɓa da gangan. Oba-oba mai shiga maimaicin VTAC33 zuwa VTAC38 tana aika 136.5, domin kada masu magana kai tsaye a mita ɗaya da amon 156.7 su tayar da maimaicin ba su sani ba. Kafar neman ɓatattu tana da 127.3. Kafofin gamayya na hukumomin tarayya, kamar ta kira da ke 169.5375, suna da 167.9. Tsofaffin kafofin sana'o'i kuwa jihohi da yawa sun riƙe amonsu na gado. A Ilinoyi da maƙwabtanta 'yan kwana-kwana suna amfani da 210.7 a kan 154.2650.

Lalle a lura da abubuwa biyu. Na farko, amon nan ba ya rufa asiri ko kaɗan, ko da yake sunan da Motorola ya ba shi yana iya sa a zaci haka. Mai amon ne yake toshe kunnensa daga jin wasu, amma duk wanda ya bar ƙyaurensa a sake yana jin kowa. Na biyu, amon ba ya hana karo. Idan mutum biyu masu amo dabam suka danna maɓalli tare a mita ɗaya, igiya mai ƙarfi ce za ta danne mai rauni. Haɗarinsa a wurin bala'i shi ne rediyon da aka saita da amon da bai dace ba, domin mai ita zai yi ta kira ba a jin sa, shi kuma yana zaton an ji. Saboda wannan ne bugun NIFOG na farko-farko suka ba da shawarar a aika da 156.7 amma a bar ɓangaren karɓa a sake, sai fa in rediyon tana da maɓallin da mai ita zai iya cire amon da kansa.

4.2 Lambar DCS da Lambar NAC

DCS aikinta ɗaya da CTCSS, sai dai maimakon amo guda ana maimaita wata kalmar lissafi mai ɗigo 23, a gudun ɗigo 134.4 cikin daƙiƙa, ana kuma rubuta ta da alƙaluma uku kamar 023 ko 754. A tsarin dijital na P25 kuwa, abin da ya maye gurbin amo shi ne NAC, lamba mai ɗigo 12, watau iri 4,096 ke nan. Ana rubuta ta da lissafin goma sha shida. Kafofin gamayya na zangon 700 suna amfani da 293. Rediyon da aka saita ɓangaren karɓarta a F7E tana buɗewa ga kowace lamba, daidai da barin ƙyaure a sake. Hukumomin tarayya suna amfani da 68F, kuma wanda ya juya wannan zuwa lissafin goma zai sami 1679, watau amonsu na 167.9 aka ɗauko aka cire ɗigo.

5.0 MAI SAURARO DA SIKANA

Kamfanin Electra na Jihar Indiyana ya fitar da sikanar Bearcat a 1968. A lokacin kowace kafa sai an saya mata ƙaraunta na musamman an cusa, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka sami waɗanda ake shigar wa mita ba tare da ƙarau ba. Da manyan birane suka koma tsarin karɓa-karɓa, inda kwamfuta ke raba wa ƙungiyoyi da yawa 'yan mitoci kaɗan kowace magana da tata, sai sikana ta da ta kasa bin zance, har Uniden ya fitar da mai iya bi a 1997. Kafofin gamayya ba su cikin wannan tsari, shi ya sa ƙaramar sikana ma tana kama na VHF da UHF da 800. Na 700 ne kaɗai ke bukatar mai jin P25.

Ga abubuwan da ya kamata mai sauraro ya kiyaye. Na ɗaya, ya bar ƙyaure a sake ko ya sa sikanarsa ta riƙa neman amo tana nunawa, domin in ya kulle a 156.7 zai rasa duk wanda ya zo da wani amon. Na biyu, ya zaɓi FM mai ƙunci, domin daga 1 ga Janairu, 2013, an rage faɗin kafofin VHF na sama da UHF daga kilohaz 25 zuwa 12.5, in ya bar ta a mai faɗi murya za ta fito ƙasa-ƙasa, kafofin maƙwabta kuma su yi ta kutsowa. Na uku, tsohuwar sikana mai takun kilohaz 5 ba ta iya tsayawa daidai a 155.7525, sai ta goce gefe kaɗan. Na huɗu, 8TAC91 da 8TAC91D mita ɗaya ake jin su, ba sai an shigar sau biyu ba. Na biyar shi ne haƙuri. Waɗannan kafofi sukan kwana da yawa shiru, sai an yi gobarar daji, ko guguwa, ko babban taro, ko atisaye, sa'an nan su cika. A irin wannan lokaci akan ji magana a fili ba tare da lambobin nan masu farawa da 10 ba, domin tsarin kula da bala'i na ƙasa da aka kafa a 2004 ya nemi a bar su idan hukumomi dabam-dabam suka haɗu, tun da lamba ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu a gundumomi biyu.

6.0 DOKA DA LADABI

Dokar tarayya ta 1986 a kan sirrin sadarwa ta halatta sauraron rediyon jami'an agaji muddin ba a kulle maganar ba, ta kuma haramta kutsawa cikin wadda aka kulle da ta wayar salula. Daga 1994 aka hana ƙera ko shigo da sikana mai kama zangon salula. Jihohin Fulorida da Indiyana da Kentaki da Minesota da Niyu Yok sun taƙaita ɗaukar sikana a mota, galibi tare da sassauci ga masu lasisin rediyon sha'awa. Aikawa a kan waɗannan kafofi ba tare da izini ba laifi ne babba. Ba kowace ƙasa ce ke da irin wannan sassauci ba. A Ingila dokar 2006 ta haramta sauraron saƙon da ba a yi domin jama'a ba. Haka kuma mitocin da aka jera a sama na Amurka ne kaɗai. Nijeriya da Nijar da sauran Afirka suna cikin Yanki na 1 a rabon Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, Amurka kuwa tana Yanki na 2, kuma kowace ƙasa ita ke tsara rabonta na cikin gida. Waɗanda duniya ta yi tarayya a kansu su ne irin 156.8 ta jiragen ruwa da 121.5 ta jiragen sama.

Batun ladabi ya fito fili a Afrilun 2013, lokacin farautar waɗanda suka kai harin bam a gasar gudu ta Boston. Dubban mutane suna sauraro ta intanet, wasu suka riƙa yaɗa abin da suka tsinta kafin a tantance, har aka ɗora zargi a kan marasa laifi, 'yan sanda kuma suka roƙi jama'a su daina bayyana wuraren da ake bincike. Irin wannan na cikin hujjojin da ake kafawa wajen kulle magana. Denba ta kulle rediyon 'yan sandanta a 2019, Shikago ta bi baya daga 2022, Niyu Yok kuma ta fara a 2023. 'Yan jarida suna ƙorafin cewa wannan yana rage wa jama'a ikon sa ido a kan masu riƙe da makami da sunansu. Ga jami'an kansu ma akwai matsala, domin maƙwabcin da ba shi da mabuɗin kullen ya koma kurma kamar a 1982. Wannan ne ya sa dokokin FCC suka hana kulle magana a kan kafofin kira na gamayya.

7.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa jin juna a ranar bala'i ya rataya ne a kan abubuwa huɗu da sai sun dace gaba ɗaya: mita, da salon murya, da amon mabuɗi, da suna. Idan ɗaya ya kuskure, sauran ukun ba su da amfani. A 2012 Majalisar Dokoki ta kafa hukumar FirstNet, aka ba ta megahaz 20 da dala biliyan 7 domin shimfiɗa wa jami'an agaji hanyar sadarwa irin ta salula, kamfanin AT&T kuma ya karɓi aikin a 2017. Duk da haka ba a janye kafofin gamayya ba, domin hanyar salula tana dogara ga hasumiya da wuta, su kuwa oba-oba biyu a kan VTAC11 batir kawai suke bukata. Abin da ya rage ga hukumomi shi ne yawaita atisaye, tun da jami'in da bai taɓa juya maɓallinsa zuwa VCALL10 a ranar lafiya ba da wuya ya tuna da ita cikin hayaƙi. Shi kuwa mai sauraro da sikana, haƙƙin da ke kansa shi ne ya saurara bisa doka, kada ya aika, kada kuma ya yaɗa abin da ya ji kafin hukuma ta tabbatar.